Jakar Malam Hashimu da Kwanonsa

A unguwar Madabo, in ka bi lungun da ya ratsa ta gaban shagon ɗinkin marigayi Nata'ala, za ka ga wani dakali da ya tsage a tsakiya, an lallaɓa shi da siminti bai ji ba. Kullum bayan sallar magariba akwai wani mutum siriri mai tabarau da yake zama a kai, kwanon tuwo a gabansa, buta a gefe. Yakan buɗe kwanon, ya ɗan jira, ya dubi bakin lungu hagu da dama, sannan ya yi bismilla. Malam Hashimu ke nan, wanda 'yan boko suke ce wa Dakta. Kada wata ta kwaso masa yaro mai zazzaɓi. Daktan kududdufi ne, kuma neman sunan ya kusa kai shi kushewa.

A gidan da yake bayan dakalin aka haife shi. Ubansa Malam Abdulbaƙi malamin soro ne, irin waɗanda magidanta suke zuwa wurinsu ɗaukar karatun littattafai: dukawa, 'yan koli, masu turare, kowa da littafinsa a naɗe cikin ƙyalle. Soron nan yana da ƙa'ida ɗaya wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ko kajin gidan sun san ta. Ka shigo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaida malam, ka koma layi ka zauna, littafinka a kan cinya a rufe. Ba ka buɗe shi sai malam ya ɗago ido ya ce, "Wane, bismilla." In bai kira ka ba yau, to yau ba ka da rabo, ka yi sallama gobe ka dawo. Wani bafatake ya taɓa turo littafinsa gaba, wai yana sauri zai bi mota zuwa Nguru. Malam Abdulbaƙi ko murya bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, nan ba kasuwar Kurmi ba ce, ba a talla." Mutumin ya tashi gumi har wuya, bai ƙara taka soron ba. Hashimu yana ɗan shekara tara, yana raɓe a bakin ƙofa, a kan idonsa aka yi. Makarantun boko sun zo daga baya sun cusa masa abubuwa iri-iri a ka, amma wannan ba su goge shi ba.

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba a ja. Ya yi sakandare, ya yi jami'a, aka ba shi koyarwa, yana nuna wa yara inda kogi ya taso da inda ya faɗa. Ya auri Sa'ida 'yar unguwar Shahuci, mace mai kawaici wadda in ta yi fushi sai dai ka ji taɓarya ta ƙara sauti a turmi. Suka haifi 'yan mata biyu. Da uban ya rasu, karatun soro ya mutu tare da shi, amma ciyayya ba ta mutu ba. Su huɗu ne: Hashimu, da Nata'ala tela abokin tasowarsa, da Sabo ɗan koli, da Mailafiya direba. Ana idar da magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a jera a dakali, a fara da wanda miyarsa ta fi ƙamshi, a ƙare da wanda matarsa ta yi ha'inci a daddawa. A nan ake jin wanda ya mutu da wanda ya haihu. A nan kuma ake gane wanda ba shi da lafiya tun kafin shi ya gane, don wanda ya saba loma goma in ya tsaya a uku sai an tambaye shi dalili.

Da ya yi digiri na biyu ya zauna lafiya, da shi ke nan. Ina! Sai ya ce sai ya yi na uku, wanda ake rubuta kundi mai kauri kamar matashi, a kai shi gaban manyan malamai su yi ta yi maka tambayar ƙeta. A kan me? A kan kududdufan cikin birni. Wai kowace unguwa da nata, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini, kuma ruwan damina a nan yake samun masauki. Yanzu ana ta cike su da shara ana ɗora gidaje a kai. Hashimu ya ce ruwan nan ranar da ya rasa masauki, cikin ɗakunanmu zai kwana. Maganar gaskiya ce, ko tsohuwa ta sani ba tare da ta je jami'a ba. Amma shi sai da ya ɗauki gora mai tsawo da igiyar awo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga Mandawari har bakin ganuwa, yana tsoma gorar yana rubutawa. Nata'ala ya raɗa masa Daktan kwaɗi, sunan kuwa ya bi shi.

Jami'a ta haɗa shi da wanda zai duba masa aikin, wani Farfesa Jibril, ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a, wanda ɗalibai suka yi wa yawa kamar ƙudaje a kan mangwaro. Cikin shekara ɗaya Hashimu ya gama babin farko, ya kai aka buga masa a tafireta, ya zuba a wata baƙar jaka mai zif. Ranar Alhamis ya sa farar riga, ya hau kekensa ya tafi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis, abin da ba wanda yake yi a wurin sai shi. Ya shiga ya durƙusa.

"A'a, Malam Hashimu! Tashi, tashi, ga kujera. Yaya aiki?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Ana ta fama ko?"

"Ana ta fama."

"To madalla. Allah ya taimaka."

Ya zauna a bakin kujera, jaka a kan cinya, yana jiran a ce masa bismilla. Farfesa ya amsa waya, ya sa hannu a takardu, wani ya leƙo, wata ta shigo. Da aka ɗauki lokaci ba a kira shi ba, sai ya miƙe ya yi sallama. A hanya yana tuƙa keke yana ce wa kansa yau ba rabo.

Wata Alhamis ma ba rabo. Wadda ta biyo ta ma haka. Kai ka ji, mutum da hankalinsa da gemunsa, shekara huɗu yana kai gaisuwa! Shi a ransa, malami ba ya rasa dalili. Tunda ba a ce ya buɗe ba, an duba shi ne an ga bai nuna ba. Sai ya dawo gida ya warware babin ya sake rubutawa. Ya gama na biyu, ya gama na uku, jaka tana ƙara nauyi, shi yana ƙara ramewa.

A shekara ta biyu ya ce hayaniyar yara tana tsinka masa tunani, ya kwashe takardunsa ya hau ɗan benen ƙasa da ubansa yake ajiye littattafai, ɗaki mai taga ɗaya kamar ta kurkuku. A ta uku ya janye kwanonsa daga dakali. Wai ciyayya tana cin lokaci, daga tuwo sai hira, daga hira sai isha'i, ga babi yana jira. Ranar da ya faɗa, Nata'ala ya tsaya da loma a hannu.

"Wato mu ne muka hana kwaɗin naka kuka?"

"Na ɗan lokaci ne, Nata'ala. Da na gama zan dawo."

"Ubanka ya sauke littattafan da ko ɗaga su ba za ka iya ba, kuma a dakalin nan ya ci tuwo har ya koma ga Allah. Amma je ka. Mu jahilai za mu riƙe maka wurinka, in akuya ba ta riga ka ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai fasa ba. Daga ranar Sa'ida take hawa matakala ta ajiye masa kwano a ƙofa. Da farko takan ɗan tsaya ta ce, "Malam, a ci da zafinsa." Sai ya ce to, ido a kan takarda. Daga baya ta daina tsayawa. Ta dawo da safe ta tarar an ɗan ƙwaƙuli gefen tuwon kamar ɓera ne ya taɓa. Ta cikin tagar nan yana jiyo su Sabo suna musu, yana jiyo dariyar Mailafiya mai kama da tarin tsohuwar mota. Wani lokaci yakan ajiye biro ya kasa kunne, har ya ji amsar da zai ba Sabo ta zo masa baki, sai ya tuna ba kowa a ɗakin, ya haɗiye ta.

Taron suna ya daina zuwa, ɗaurin aure ya daina. Mutanen birni suna yafe wannan. Abin da ba sa yafewa shi ne gaisuwar mutuwa. Mahaifiyar Mailafiya ta rasu ranar wata Laraba, Hashimu ya bi jana'iza ya dawo ya haye bene, don gobe Alhamis yana son ya gyara shafi biyu, ko Allah zai sa a kira shi. Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gidan da bai fi taku ashirin da nasa ba, bai zauna ko sau ɗaya ba. Daga nan in sun haɗu a masallaci, hannu kawai Mailafiya yake ba shi, fuska a wani wajen.

Cikin Hashimu kuma ya fara ci da wuta. Ya je kemis aka ce gyambon ciki ne, a riƙa cin abinci a kan lokaci, a rage tunani. Ya sayi farin magani mai kama da kunun alli, yana kurɓa yana rubutu. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Waɗanda suke ƙirga masa loma ya baro su a ƙasa.

Haka aka shigo shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, aka ce farar hula za su karɓa. Gari ya rikice. Kowane bango ya sha hotuna, kowane mai babbar riga ya zama mai kishin talaka. Sabo ɗan koli, wanda bai taɓa riƙe ko shugabancin masallaci ba, ya wayi gari kansila. Mailafiya ya shiga jan motar 'yan wata jam'iyyar, suka yi cacar baki da Sabo a kan dakali har aka kifar da miya. Duk wannan Hashimu bai sani ba. Ko ƙuri'a bai jefa ba. Shi dai ya lura hayaniyar da take shigowa ta taga ta ragu, har ya ji daɗi wai ya sami shiru.

A cikin ɗaliban Farfesa akwai wata Malama Habiba, malamar makarantar 'yan mata, wadda ta shigo bayansa da shekara biyu. Hashimu ba ya son halinta. Takan ƙwanƙwasa ƙofa ta faɗa da takalminta, ta dire takardu a tebur, ka jiyo ta tana cewa, "A'a Farfesa, ban yarda ba, duba shafi na arba'in." Ta fito da takardun sun sha jan biro kamar an yanka kaza a kai, tana dariya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana neman tsari da rashin tarbiyya.

Wata Alhamis, farkon damina, suna zaune a benci a ƙofar ofis, ta juyo ta dube shi.

"Malam Hashimu, ka ji labari kuwa? Sabuwar gwamnati ta ba Farfesa muƙami. Sati uku ya rage ya tafi Abuja."

"Allah ya sanya alheri."

"Amin, amma ba nan take ba. An ce ya ba da sunayen ɗalibansa kashi biyu. Masu aiki a hannu za a raba wa wasu malaman. Waɗanda suka shekara biyar ba su kawo komai ba, za a soke su. Na ga takardar a teburin sakatare. Wallahi sunanka yana kashi na biyu."

Ya ce, "Ba su kawo komai ba?"

"To ni dai tun da nake zuwa nake ganinka. Don Allah me kake kawo masa?"

Ya ce, "Gaisuwa."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa, ta rufe. Ta dubi jakar da ya rungume. "Wannan fa?"

"Bai ce in buɗe ba."

"Inna lillahi! Malam, nan ba a cewa. Kai za ka tura masa, ka dame shi, ka hana shi shan ruwa. Shiga yanzu ka zazzage masa ita a tebur."

Ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu ya shiga. Ya durƙusa. Aka yi yaya aiki, aka yi alhamdu lillahi. Ya kai hannu kan zif, sai ya ga bafataken nan na Nguru a tsaye gumi har wuya, ya ji muryar ubansa tana cewa ba a talla. Hannun ya ƙi. Ya yi wa Farfesa murnar muƙami, ya yi sallama, ya fito ta ɗaya ƙofar don kada Habiba ta gan shi.

Keken ma tura shi ya yi har gida. Ya hau bene, kafin la'asar ya yi aman da ya tsorata Sa'ida, don har da jini-jini. Ta same shi a kwance a kan takardu. Shekara biyu tana haɗiye magana, ranar haƙurinta ya ƙare. Ta goge wurin, ta yafa mayafi, ta fita da kanta har shagon Nata'ala, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Malam Nata'ala, abokinka zai mutu a kan takarda. Ni ba ya jin tawa."

Nata'ala ya bar keke da riga a bakin allura ya taho. Mutum ne mai jiki, matakalar tana kuka yana hawa. Ya tsaya yana haki, ya dubi ɗakin. Takardu ɗauri-ɗauri har kusan rufi.

"Daktan kwaɗi, duk wannan kundin ne?"

"Babin farko ne wancan. Sau takwas na sake shi."

"Shi malamin naka wanne ya ce bai yi ba?"

Hashimu ya kau da kai. Da kyar, yana kallon bango, ya ba shi labari tun daga Alhamis ta farko har ta yau. Nata'ala ya nemi wuri a kan wani ɗaurin takardu ya zauna, ya cire hula ya shafa kai.

"Hashimu, ashe karatu yana sa mutum ya zama sakarai ban sani ba. Ni ma fa na zauna a soron malam, shekara shida. Ina muke ajiye littafi?"

"A cinya."

"A cinya, a fili, yana ganinsa. Ya san shafin da ka tsaya jiya, ya san ubanka, ya san ko ka karya kumallo. Mu goma sha biyu ne. Shi wancan bawan Allah mutum nawa ne a kansa? Ka cusa abu a baƙar jaka ka zuge, ka zauna kana jira ya yi duba? Ai ko malam ba ya ganin cikin jaka."

"Kar in zama mai talla, Nata'ala."

"Ni tela ne. In na yanka riga na harhaɗa, kafin in kashe ɗinki sai na kira mai ita ya zura. Ya ce nan ta kama, nan ta yi yawa, in farke in gyara. Wanda ya kulle kansa ya ɗinke riga tsaf bai gwada a jikin kowa ba, sau takwas, wannan sai dai a kai shi a yi masa rubutu ya sha. Tashi."

"Ina za mu?"

"Yau asibiti. Gobe dakali. Litinin wurin malaminka."

"Alhamis nake zuwa."

"Alhamis ɗin ce ta kashe ka."

Washegari bayan magariba Sa'ida ta dama masa kunu mai laushi, don likita ya hana shi yaji, ta zuba a kwano ta fitar da shi waje da kanta. Hashimu ya sauko yana dafa bango. Ya tarar da Nata'ala shi kaɗai a kan dakali.

"Ina su Sabo?"

"Sabo ya tashi, yana can sabuwar unguwa a bayan gari, gida mai get. Mailafiya tun rigimar zaɓe bai ƙara fitowa ba. Wata biyar ke nan ni kaɗai nake ci a nan."

"Wata biyar? Ba ka aiko ba?"

"Kai da muke hana kwaɗinka kuka?"

Hashimu ya sa cokali a kunun, ya kasa kaiwa baki. Shirun da ya yi ta jin daɗinsa a bene, ashe wannan ne.

Ranar Litinin Nata'ala ya rufe shago ya goya shi a tsohuwar basfarsa. Ya raka shi har ƙofar ofis, ya ce, "Ina nan a bencin nan. In ka fito da jakar nan da nauyinta, wallahi ni zan shiga da ita, kuma ka san bakina."

Hashimu ya tuɓe takalmi ya shiga ya durƙusa. Ofis duk kwalaye, ana ta haɗa kaya.

"Malam Hashimu, yau Litinin? Lafiya? Yaya aiki?"

Alhamdu lillahi ta zo har bakinsa. Ya danne ta. Ya ja zif, ƙararsa ta cika masa kunne kamar an yage sabon yadi. Ya fito da babi biyar, ya ɗora a gefen tebur, bai yarda ya ɗago ido ba.

"Ga shi, Allah ya gafarta malam. A yafe mini rashin kunya."

Farfesa ya ɗauka. Ya buɗe nan, ya buɗe can. Ya zauna. Ya kai wajen taswirar da Hashimu ya zana da hannu, kududdufi ɗaya bayan ɗaya da zurfinsa, waɗanda suke nan da waɗanda aka binne. Ya cire tabarau.

"Tun yaushe wannan yake jakarka?"

"Na farkon, shekara huɗu."

"Shekara huɗu! Kana shigowa ofishin nan da shi?"

"Ba a ce in buɗe ba, ranka ya daɗe."

Farfesa ya riƙe kai da hannu biyu. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka. "Malam Hashimu, ni ma na ɗauki karatu a wurin mahaifinka, ina saurayi, kafin ka yi wayo. Kullum ka shigo ka yi shiru, sai in ce a raina aikin ne ya gagare shi, nauyin faɗa yake ji. Ni kuma in tsare ɗan Malam Abdulbaƙi in ce ina aikinka, in kunyata shi? Sai in ce Allah ya taimaka. Ashe ni ina jin kunyarka, kai kana jin tawa, takarda tana ruɓewa a jaka."

Ya ɗaga murya ya kira sakatare ya ce a kawo takardar sunaye. A gaban Hashimu ya ja layi a kan sunansa ya mayar da shi ɗaya kashin. Sannan ya ce, "Kada ka yi murna. Sati uku gare ni, kuma sai na yi wa wannan aikin kaca-kaca. Jibi ka dawo. Da takalminka."

Farfesa ya cika alkawari. Babin farkon nan da aka sake sau takwas, cewa ya yi rabinsa surutu ne, a zubar. Hashimu ya fito da takardu jajaye kamar na Habiba, ya zauna a benci yana dubawa, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda farin magani bai taɓa ba shi ba. Shekara huɗu yana magana shi kaɗai a ɗaki, yau wani ya amsa, ko da faɗa ne.

Farfesa ya tafi Abuja, aka miƙa shi ga wani malamin, yaro a kansa. Wannan kam Hashimu ya dame shi har yana ɓuya. Ya sauko da teburinsa daga bene ya kafa a soro, inda 'yan matansa suke gittawa suna taɓa masa biro. Ya je har gida ya durƙusa wa Mailafiya ya yi masa gaisuwar da ta makara shekara biyu. Mailafiya ya ce ba komai, ya wuce, amma kwanonsa bai dawo dakali ba. Bayan shekara biyu aka tara manyan malamai suka yi masa tambayoyin ƙetarsu, suka ce ya ci. Kundin yana can a ɗakin karatu an yi masa baƙin bango. Masu cike kududdufi ba su karanta ba, ruwa kuma yana shiga ɗakuna kamar yadda ya faɗa.

Nata'ala ne ya ɗinka masa rigar da ya sa ranar karɓar takarda, sai da ya sa shi ya zura ta sau uku yana tsokanarsa. Nata'ala bai ga damina ta gaba ba. Ciwon kwana biyu, aka kai shi. Wannan karon Hashimu ya zauna makoki tun daga ranar farko har aka share, shi yake karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa.

Yanzu shi ma yana koyarwa a jami'ar, an ba shi nasa ɗaliban. Sun san shi da abu guda. Kafin ka gama sallama zai ce, "Buɗe jakar." In ka ce ai ba ka gama ba, ya ce, "Shi ya sa. Gamamme me zan yi masa?" Wani magidanci daga Mandawari ya taɓa zuwa masa ido ya faɗa, wuya kamar mariƙin lema, ya ajiye babi biyu yana jiran yabo. Malam Hashimu bai ko taɓa takardun ba.

"Jiya da wa ka ci tuwo?"

"Ni kaɗai, Dakta. A ɗaki, ina aiki."

"Shekaranjiya fa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ɗauki kayanka. Je ka ci abinci da mutane kwana bakwai, ranar Juma'a kada ka taɓa takarda, ka je ka gaida wanda ka daɗe ba ka gaisar ba. Ka samo mutum ɗaya wanda bai san komai a karatunka ba, mai bakin da zai yi maka dariya, ka riƙa ba shi labarin abin da kake rubutawa. Sannan ka dawo in yi maka ja-ja da biro. Takardar nan ba inda za ta. Mutanen ne suke tafiya."

Wasu suna ji, wasu suna cewa tsufa ne ya fara taɓa shi.

Sa'ida har yau tuwon mutum biyu take zubawa a kwanon da ake fitarwa. Bai taɓa ce mata ta rage ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wani lokaci wani mai wucewa yakan amsa tayi ya tsuguna ya yi loma biyu, ya yi godiya ya wuce. Yawanci ba kowa. In ya gama yakan wanke hannu, ya rufe sauran, ya zauna yana kallon ƙofar shagon da aka garƙame, har a kira isha'i.